Yadda Ake Haɗa Babban Tankin Kifi Mai Shuke-shuke, da Kula da Shimfiɗar Ƙasansa

Tambayar da masu sha'awar kifin ado suka fi maimaitawa ita ce: me ya sa tanki ke yin kyau a makon farko, daga baya ruwa ya yi kore, ganyaye su ruɓe, kifi ya fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya? Galibi matsalar tana can ƙasa, a shimfiɗar da aka zuba kafin ruwa. Fitila da matatar ruwa ana iya sauya su cikin yini guda. Shimfiɗa kuwa, da zarar an yi dashe an cika ruwa, ba ta gyaruwa sai an tayar da komai. Shi ya sa a kanta za mu fi daɗewa.

Duk lissafin da ke nan na tanki ne mai tsawon santimita 120, faɗi 50, zurfi 50, wato lita 300. Wajen kasafi, abubuwa huɗu ne ke cin kuɗi sosai: tankin da teburinsa, matata, fitila, sai shimfiɗa idan ta kanti ce. Idan kuɗi bai kai ba, a rage a kifi da kayan ado. Kada a rage a kaurin gilashi ko a matata.

1. Wuri da teburi

Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Gilashi mai kaurin milimita 10 na wannan girman ya kusa kilo 60 shi kaɗai. Idan aka haɗa ruwa, ƙasa, duwatsu da teburi, ana maganar kilo 400 ne ko fiye. Teburin falo ba zai ɗauka ba. A sa maƙeri ya haɗa na ƙarfe, ko kafinta ya yi na katako mai kauri da ginshiƙi a tsakiya, sannan a auna samansa da ma'aunin daidaito irin na magina, ta tsawo da ta faɗi. A shimfiɗa soso mai tauri, kaurin kamar santimita ɗaya, tsakanin teburi da gindin tankin da ba shi da firam.

A zaɓi wurin da rana ba ta faɗowa kai tsaye, kusa da soket, kuma inda tiyo zai iya kaiwa waje. Wanda zai riƙa ɗaukar lita 100 a bokiti kowane mako ba zai daɗe yana yi ba.

Gargaɗi: tankin da ya karkata ko da kaɗan yana tara nauyi a kusurwa ɗaya, kuma a nan ɗinkin silikon, wato gam ɗin da ke haɗa gilasan, ke buɗewa, sau da yawa bayan watanni. Kada kuma a ja tanki da ruwa a ciki, ko da rabi ne.

2. Gwajin yoyo

Idan mai yankan gilashi ne zai haɗa maka, ka tsaya a kan milimita 10 tare da sandunan gilashi masu riƙe baki, ko milimita 12 idan babu su. Silikon ɗin ya zama tsantsa. Wanda ake yi wa banɗaki yana da maganin hana fumfuna, kuma wannan maganin yana kashe kifi. A bar shi mako guda ya bushe, sannan a cika tankin a tsakar gida a kan daɓe sumul kuma daidaitacce, a sa jarida ƙarƙashinsa, a bar shi kwana biyu. Jarida ba ta ɓoye ɗigo. A zubar da ruwan, a goge da tsumma mai tsabta. Ba sabulu, ba omo.

3. Zaɓen shimfiɗa

Hanyoyi uku ne, kowacce da halinta.

Ta farko ita ce ƙasar kanti da aka dunƙula ƙanana-ƙanana aka gasa, irin su ADA Amazonia, Tropica Aquarium Soil da Fluval Stratum. Tana da abincin shuka a cikinta, saiwa na ratsa ta cikin sauƙi, kuma tana sauke pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, zuwa wajen 6 da ɗoriya, inda yawancin shuke-shuken ruwa suka fi jin daɗi. Aibinta biyu: tsada, domin ana shigo da ita ne daga waje kuma nauyinta ke ƙara mata kuɗin dako, sai kuma amoniya, sinadari mai guba ga kifi, da take saki a makonnin farko, musamman Amazonia. Ba a wanke ta. Wanda ya wanke ta ya mayar da kuɗinsa taɓo.

Ta biyu ita ce yashi ko ƙaramar tsakuwa da ba ta da abinci ko kaɗan, a riƙa cusa mata ƙwayoyin takin saiwa. Girman ƙwayar yashin ya zama milimita 1 zuwa 3. Wanda ya fi haka laushi yana danƙarewa ya hana ruwa ratsawa. Wanda ya fi haka girma kuma abinci da kashin kifi na faɗawa cikin ramukansa su ruɓe, ƙananan saiwoyi ba sa samun riƙo. Yashin rafi yana yi, amma a tankaɗe shi da rariya biyu, ɗaya ta cire manyan duwatsu, ɗaya ta zubar da ƙura, sannan a wanke a bokiti har ruwan ya fito garau. Kafin nan a ɗebi kaɗan a ɗiga masa ruwan binega. Idan ya yi kumfa, akwai farar ƙasa ko ɓawon koɗi a ciki, zai riƙa ɗaga taurin ruwa, wato yawan ma'adinan da suka narke a cikinsa, da pH kullum. A nemi wani.

Ta uku ita ce ƙasar lambu a ƙasa, yashi a sama. Ita ce mafi araha, kuma shuka na haukacewa a kanta, amma ba ta yafe kuskure. Ƙasar ta fito daga wurin da ba a zuba takin zamani, kashin dabbobi ko maganin feshi ba. A tankaɗe ta, a tsince itatuwa da saiwoyi, a jiƙa ta kwana biyu, a tsiyaye, a shanya ta bushe, a maimaita haka sau uku ko huɗu. Wannan jiƙo da shanya shi ke cinye ɗanyen abin da zai ruɓe a cikin tanki. Kaurinta kada ya wuce santimita 2 zuwa 2.5, yashin da ke rufe ta kuma santimita 3 zuwa 4. Ana iya barbaɗa garin jar marmara kaɗan a can ƙasa, domin tana da sinadarin ƙarfe da saiwa ke so, kuma masu wannan sana'a sun daɗe suna amfani da ita. A tabbata dai an rufe ta sosai, in ba haka ba ruwan zai yi ja ya ƙi washewa.

Ga mai farawa da babban tanki, hanya ta biyu ta fi kwanciyar hankali. Ba ta sakin amoniya, ba ta tsufa, kuma kana iya tumɓuke shuka ka sauya mata wuri ba tare da ka ɓata ruwa ba. Ƙasar kanti ta cancanci kuɗinta ne idan za ka sa iskar CO2, wadda ake turawa cikin ruwa don shuka ta yi saurin girma, da ƙananan shuke-shuke masu rufe ƙasa kamar darduma. Ƙasar lambu kuwa ta wanda ya riga ya san inda kowace shuka za ta zauna ce, kuma ba shi da halin taɓe-taɓe.

4. Lissafi da zubawa

Tsawo sau faɗi sau kauri, a raba da 1000, shi ne adadin lita. Ana son gaba ya zama santimita 4 zuwa 5, baya 10 zuwa 12, domin gangaren na sa tanki ya yi zurfi a ido, datti kuma ya gangaro gaba inda tiyo zai same shi. Matsakaicin kauri ke nan wajen 7.5: 120 sau 50 sau 7.5 ya ba da lita 45. Amazonia da Tropica suna zuwa a jaka mai lita 9, ke nan jaka biyar. Idan yashi ne, lita ɗaya ta kai kilo ɗaya da rabi, ka nemi wajen kilo 70.

Ana iya rage jaka ɗaya ko biyu. A cika jakunkunan raga da tsakuwar dutsen aman wuta, mai ramuka-ramuka, a jera su a baya inda ake son tudu, sannan a rufe da ƙasar kanti aƙalla santimita 5. Ban da sauƙin kuɗi, ruwa na zagayawa a ƙarƙashin tudun, ba ya zama matacce. Ga mai amfani da yashi wannan dabara ta zama dole: yashi zalla mai kaurin santimita 12 wuri ne na ruɓa.

Idan yashi ne zalla, a jera ƙwayoyin takin saiwa, irin su Seachem Flourish Tabs, tazarar santimita 10 zuwa 15 a wuraren da za a yi dashe, a binne su can ƙasa. Idan ƙasar lambu ce, a bar tazarar santimita 2 daga gilashin gaba da na gefe a cike da yashi, don kada layin baƙar ƙasa ya fito a gani.

Gargaɗi: kada a cakuɗa ƙasar kanti da farin yashi da fatan za su zauna a haka. Yashi ya fi nauyi, yana nutsewa, ƙasar ta taso sama. Idan ana son fili na yashi a gaba, a raba su da jerin duwatsu, a toshe ramukan da ke tsakani da audugar matata.

5. Duwatsu da itace

Kowane dutse a yi masa gwajin binega. Manya a danna su har su kusa taɓa gilashin ƙasa, da ɗan falle na roba a ƙarƙashinsu, domin dutsen da ke zaune a saman ƙasa kawai yana iya faɗuwa ranar da kifi ya tona gindinsa. Duwatsun su ne kuma ke riƙe gangare. Idan babu su, cikin wata biyu tudun zai baje.

Itace ya zama busasshe ƙayau, mai tauri, marar ɓawo da ƙaro. A jiƙa shi a baho mako biyu ko fiye ana sauya ruwa, har ya nutse da kansa. Zai iya sa ruwa ya yi kalar shayi, kuma farin yauƙi na iya fitowa a jikinsa a makonnin farko. Duka biyun ba sa cutarwa, suna wucewa.

6. Dashe

Ana dashe kafin a cika tanki. A zuba ruwa kaɗan har shimfiɗar gaba ta jiƙe, a ajiye kwalbar feshi kusa ana fesa ganye kowane minti kaɗan. A cire shuke-shuke daga tukwanensu, a tsince audugar da ke naɗe da saiwa, a datse dogayen saiwoyi zuwa santimita 2 ko 3. Dogon hantsaki shi ne kayan aiki. Yatsa na tona rami babba, shuka ta taso.

A baya a sa masu tsayi: Vallisneria, Hygrophila, Rotala, Ludwigia. Masu kara ana dasa su ɗaya-ɗaya, tazarar santimita 2, a cire ganyen da zai shiga ƙasa. A tsakiya Cryptocoryne da Echinodorus, waɗanda ta saiwa suke ci, don haka kowace a ba ta ƙwayar taki a gindinta, kuma kada a binne wuyan da ganye ke fitowa. Bado ma shukar tanki ne: jan badon da ake sayarwa a shagunan kifin ado na Turai ɗan Afirka ne. Ana ajiye dunƙulen gindinsa, mai kama da albasa, rabi a ƙasa rabi a waje, kuma idan ana yanke ganyen da ya nufi saman ruwa zai zauna gajere.

Anubias, wadda asalinta dazuzzukan Afirka ta Yamma ne, har da kudancin Najeriya da Kamaru, da Bolbitis da Microsorum, ba a binne su. Suna da kara mai kauri da ke kwance, kuma idan ya shiga ƙasa ruɓewa yake yi. A ɗaure su da zare a jikin itace ko dutse.

A cika dashe tun ranar farko, aƙalla kashi 70 cikin 100 na filin ƙasa, mafi yawa masu saurin girma. Tankin da aka sa wa shuka biyar da niyyar ƙarawa daga baya, gansakuka ce za ta riga cinye abincin. Kainuwa kaɗan a saman ruwa na taimakawa ƙwarai a watan farko, tana zuƙe amoniya da sauri, amma a riƙa rage ta kada ta tare haske. Wadda aka ɗebo daga kududdufi a ajiye ta a baho daban mako biyu tukuna, saboda ƙwari da matsattsaku.

7. Cika ruwa

A shimfiɗa leda ko a kifa faranti a kan ƙasa, a saki tiyo a hankali a kansa. Cika lita 250 ya ɗauki awa ɗaya ko fiye. Gaggawa a nan ita ke tono ƙasar lambu daga ƙarƙashin yashi.

Ruwan famfo yana da sinadarin kulorin, a sa maganin kashe shi. Seachem Prime mililita 5 ne ga lita 200. Ruwan rijiya da na burtsatse ba su da kulorin, amma a wasu wurare suna da tauri sosai, sai a auna GH da KH, wato ma'aunai biyu na taurin ruwa. Ruwa mai KH da yawa yana gajiyar da ƙasar kanti da wuri, domin ita ce ke ta faman sauke shi a kowane canjin ruwa. A irin wannan hali a gauraya da ruwan sama mai tsabta ko ruwan da aka tace da na'urar RO, mai cire ma'adinai daga ruwa, ko kuma a koma yashi da shuke-shuken da ba su damu da tauri ba, kamar Vallisneria da Anubias.

8. Matata, fitila, zafi

Matatar waje mai kama da bokiti ita ta dace da wannan girman. Ana son ta juya ruwan tanki sau biyar ko fiye a awa. Fluval 407 an rubuta mata lita 1450 a awa, Eheim Classic 600 kuma lita 1000, amma da an cika su da soso da tsakuwar tacewa gudun na raguwa sosai. Shi ya sa da yawa ke haɗa biyu, ko ɗaya da ƙaramin famfon motsa ruwa. A saita bakin fitar ruwa yadda kowane ganye zai ɗan motsa amma ƙasa ba ta tashi.

Gargaɗi ga inda ake ɗauke wuta: ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke cikin matata, waɗanda ke cinye gubar ruwa, da iskar oksijin suke rayuwa. Idan matata ta tsaya awanni da yawa suna fara mutuwa, kuma da wuta ta dawo sai ta turo ruɓaɓɓen ruwa cikin tanki. A haɗa matata da inbata ko sola, ba ta cin wuta sosai, a kuma tanadi famfon iska mai batir. Idan ta kwana a tsaye, a zubar da ruwan cikinta kafin a kunna.

Fitila ta LED, lumen (ma'aunin ƙarfin haske) 10 zuwa 20 ga kowace lita don shuke-shuke masu sauƙi, 20 zuwa 40 don matsakaita. A fara da awa 6 a rana a kan agogon da ke kunnawa da kashewa da kansa, a kai awa 8 bayan wata guda.

Zafin ruwa 24 zuwa 26 a ma'aunin Selshiyas. A ƙasar Hausa hita ba ta da aiki sai da hunturu. Bazara ce abin tsoro: idan ruwa ya haura 30, ganye na narkewa, iska na raguwa a ruwa. A buɗe murfi, a sa ƙaramar fanka ta riƙa busa saman ruwa, tana sauke digiri biyu zuwa uku. Ruwan da ya ƙafe a mayar da shi da marar tauri.

CO2 ba dole ba ce. Mai sa ta ya kunna awa ɗaya zuwa biyu kafin fitila, ya kashe awa ɗaya kafin ta mutu, ruwan ƙaramar kwalbar gwajin CO2 da ake maƙalawa a cikin tanki ya tsaya a kore. Idan ya koma rawaya, ko kifi ya taso yana haki, ta yi yawa.

9. Makonnin farko, babu kifi

Amoniya na komawa nitirait, nitirait ya koma nitiret, kuma bakteriyar da ke wannan aiki na ɗaukar mako huɗu zuwa shida kafin ta kafu. Na farko da na biyu guba ne. A sayi kayan gwaji na ɗigo, irin na kamfanin API, ba a gane wannan da ido.

Mai ƙasar kanti ko ta lambu ya sauya rabin ruwa kullum a makon farko, bayan kwana bibbiyu a na biyu, sau biyu a na uku, daga nan sau ɗaya a mako. Aiki ne, amma shi ke hana amoniya ƙona ganye da kiran gansakuka. Mai yashi zalla shi ne zai kawo amoniyar da kansa, da ɗan abincin kifi kowace rana, ya sauya kashi 30 cikin 100 a mako. Tsohon soso daga matatar tanki mai lafiya yana gajarta jiran sosai.

Cryptocoryne za ta iya zubar da ganyenta duka. Kada a tumɓuke ta, saiwar na da rai, sabon ganye zai fito. Ƙura mai ruwan ƙasa da ke rufe gilashi a mako na biyu ko na uku ita ma tana wucewa.

10. Sa kifi

Sai amoniya da nitirait sun nuna sifiri kwana bakwai a jere. A fara da kashi ɗaya cikin uku na kifin da ake so, a ƙara bayan mako biyu. Ƙananan tetra da rasbora ba sa taɓa ƙasa. Corydoras na son yashi mai laushi, tsakuwa mai kaifi na cinye masa gashin baki. Kribensis, ɗan kogunan kudancin Najeriya da Kamaru, kyakkyawa ne amma yana tona rami lokacin ƙwai, bai dace da ƙasar lambu ba. Karfasa, tarwaɗa da kifin zinariya kuwa a manta da su, za su tumɓuke komai.

11. Kula da shimfiɗa

A kowane canjin ruwa, a riƙe bakin tiyo santimita ɗaya ko biyu sama da ƙasa, a kaɗa ruwa da hannu datti ya taso ya shige. Ba a cusa tiyo cikin ƙasar kanti ko cikin yashin da ke rufe ƙasar lambu. Filin yashi da babu shuka kaɗai ake motsawa, santimita biyu na sama, kowane mako. Dattin da ke gindin shuka mai yawa a bar shi, taki ne.

Ƙwayoyin takin saiwa a sabunta su bayan wata uku zuwa huɗu. Echinodorus ce ke fara faɗa maka: sabon ganye ya fito ƙarami ko fari-fari.

Kumfa na fitowa daga ƙasa lokaci-lokaci, musamman ta lambu, kuma yawanci ba komai ba ne. Abin dubawa shi ne wari. Idan ya yi warin ruɓaɓɓen ƙwai, yashin ya yi baƙi, saiwar da aka ciro ta yi baƙi ta yi laushi, to wurin ya rasa iska. A soka tsinke a hankali, yanki kaɗan a rana, tiyo na kusa yana zuƙe abin da ya fito, sannan a rage kaurin wurin ko a dasa masa shuka mai saiwa da yawa. Ƙananan dodon koɗi masu dogon ɓawo da ke kwana cikin yashi suna wannan aikin kyauta, sai dai suna yawaita idan abinci na saura.

Shuɗi-koren yauƙi da ke fitowa tsakanin gilashin gaba da ƙasa yana nuna datti ya taru kuma ruwa ba ya motsi a wurin. A kankare da tsohon katin roba, a zuƙe, a gyara inda matata ke turo ruwa.

Wajen cire babbar shuka, kada a fizge. A ɗaga kaɗan, a yanke saiwoyin da almakashi a cikin ƙasa, a bar su can, a sauya rabin ruwa a ranar. Idan yashin da ke rufe ƙasar lambu ya buɗe, a cike gurbin nan take.

12. Idan ƙasar ta tsufa

Ƙasar kanti na ƙarar da abincinta cikin shekara ɗaya zuwa biyu, ta daina sauke pH, a hankali ƙwayoyinta su farfashe. Ƙarewar abinci ba dalilin canji ba ne, ƙwayoyin taki da takin ruwa sun isa. Ana canji ne idan ta zama laka, tana tashi da ɗan motsi, saiwa na ruɓewa a ciki.

Ko a lokacin, kashi ɗaya cikin uku ake yi, a bar mako uku zuwa huɗu tsakani. A jiƙa sabuwar ƙasar a baho mako biyu ana sauya ruwa don ta zubar da amoniyarta a waje. Ranar aiki a rage ruwa zuwa rabi, a zuƙe tsohuwar da tiyo mai faɗi, a zuba sabuwar ta cikin bututu ko kwalbar da aka yanke gindinta don kada ta watse. Kada a wanke matata a makon, kuma a auna amoniya kullum har kwana bakwai. Idan ta nuna ko da kaɗan, a sauya rabin ruwa a dakatar da abinci kwana ɗaya.